Zaman Tabarma: Gugan da ke cikin ƙirji

Ina gaida ƙungiyoyinmu na nan Timiya, da na Tabelot da Iferwan, da duk inda wannan takarda ta kai. Wadda aka ba karatun wannan fili a taron mako, don Allah ki karanta a hankali, ki riƙa tsayawa, domin yau akwai lissafi a ciki, kuma akwai shawarar da nake so kowace ƙungiya ta yanke kafin a rufe akwati.

A fitowar da ta wuce na yi alkawarin za mu yi maganar bashin irin albasa. Ku yi mini afuwa, na ɗage ta. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini rai, sai a satin nan na samu bakin faɗinsa.

Cikin watan Yulin bara ɗiyar ma'ajiyarmu ta haihu, haihuwar fari, ɗa namiji, lafiya ƙalau. Na nemi izininta da na uwarta kafin in rubuta wannan, suka ce in rubuta, sai dai kada in kama suna. An yi suna, an ci an sha. Mijin yana wajen zinari a Cibarakaten, saƙon murya kawai yake turowa. Sati 3 bayan suna yarinya ta fara tarin dare. In ta kwanta sai ta ji kamar an ɗora mata buhun albasa a ƙirji, ta tashi zaune, ta jingina da bango, a haka take kwana. Ƙafafu suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Daga ɗaki zuwa murhu sai ta tsaya ta yi haki.

Kowa ya kawo nasa. Wannan ta ce sanyin damina ne, waccan ta ce iska ce ta taɓa ta tunda ta fita da magariba. Ni kuwa, da nake taƙamar na yi yaƙi da jahilci har ina rubutu a jarida, me na ce? Na ce kumburin jego ne, zai saɓe. Ni ƴar Damargu ce, aure ya kawo ni cikin duwatsun nan shekara 26 ke nan, kuma a gidanmu maijego kunun kanwa ake dama mata. Na tashi da hannuna na dama, na zuba kanwa ban yi rowa ba, kwana 5 ina kai mata. Wallahi don ƙauna na yi. Ban san ruwa nake ƙara wa mai nutsewa ba.

Uwar ce ta gaji ta ce a kai ta likita, na raka su. Majo ya ɗaura mata abin awon tansiyo, ya fito 11 da 7. Muka ce alhamdu lillahi, ai jini bai hau ba, zuciya lafiya take. Ya girgiza kai. Ya kama wuyan hannunta yana duban agogo, ya ƙirga bugu 124 a minti ɗaya, alhali a zaune take. Ya danna ƙwaurinta da babban yatsa, ya ɗauke, rami ya zauna kamar an danna ƙullu. Ya sa abin saurare a bayanta. Sannan ya juyo ya ce da uwar: “Inna, tansiyo daban, ƙarfin zuciya daban. Yarinyar nan Agadas za ta, kuma kada a kai jibi. Sai an yi mata hoton zuciya.”

Kun san hanya. Daga nan zuwa Agadas ya fi kilomita 200, dutse da ƙorama, ga damina ta kankama. Muka buɗe jakar taimako, abin da ke ciki bai kai kuɗin man mota ba, don mun kwashe shi a suna biyu da ta'aziyya ɗaya. Kwana 3 muna bin gida-gida, aka sayar da awaki 2, sannan muka samu mota. Waɗannan kwana 3 har yau in na tuna su sai barci ya ƙaurace mini.

Abin da na gani a ɗakin hoto

Wadda ta taɓa yin eko na ciki ta san injin, irinsa ne. Ba allura, ba yanka, ba ciwo. Aka kwantar da ita ta gefen hagu, aka shafa mata wani abu mai yauƙi a ƙirji, likita ya ɗora ɗan kan injin yana zagayawa da shi. Injin sauti yake turawa ciki, wanda kunne ba ya ji, sautin ya bugi zuciya ya dawo, sai hoto ya fito a allo. Abin bai wuce rabin awa ba. Ni da idona na ga zuciyar yarinyar nan tana motsi, amma motsin kamar na tsohuwar da aka tasa daga barci.

Likita ya rubuta baƙi biyu da lamba a takarda: FE 28. Na ce, “Likita, mu mutanen garka ne, yi mana bayani yadda za mu gane.” Ya yi, Allah ya saka masa. Ga yadda na fahimta, da irin namu misali.

Duk ɗan Timiya ya san tekarkart, ko da yanzu injin ban-ruwa ya shiga garake da yawa. Raƙumi ya ja igiya, guga ya hau cike, ya juye a magudana, ruwa ya bi ya shiga fangali. To zuciya guga ce da Allah ya rataya mana a ƙirji. Tana cika da jini, ta matse, ta tura shi cikin jijiyoyi, ya kai ƙwaƙwalwa, ya kai ƙoda, ya kai yatsun ƙafa. A kowane bugu, zuciyar babban mutum tana tura jinin da ya kai kamar cikin ƙaramin kofin shayinmu. Tana yin haka sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya in mutum yana hutawa. In an tara, wajen lita 5 ke nan a minti, wato jarka mai lita 20 duk minti 4, dare da rana, tun kafin a haife ki. Wane raƙumi ne zai iya?

Inda ta bambanta da gugan rijiya shi ne, ita ba ta juye duka. Kullum akwai saura a ciki. Abin da likita yake awo shi ne: cikin jinin da ya cika babban ɗakin zuciya na hagu, kashi nawa cikin 100 ne ya fita da matsa ɗaya? Wannan lamba ita ce FE a takardun Faransanci. Wadda aka yi wa nata a Kano ko Sakkwato za ta ga an juya baƙaƙen, an rubuta EF, abu ɗaya ne.

Lafiyayyar zuciya tana fitar da kashi 50 zuwa 70. Daga 41 zuwa 49, ta ɗan yi rauni. In lamba ta zo 40 ko ƙasa da haka, raunin ya yi yawa. Yarinyarmu 28 take. Wato gugan ya saki kamar tsohuwar fata, yana hawa cike, ya tsiyaye kaɗan, ya koma da sauran.

In kun gane wannan, duk abin da muka gani a jikinta ya fito fili. Fangalin da ke nesa bai samu ruwa ba, shi ne kasala da sanyin hannu da jiri. Jinin da bai samu wucewa ba ya taru a baya, ruwansa ya tsattsafo cikin huhu, shi ne tarin dare da kasa kwanciya. Ya sauka ƙafafu, shi ne kumburi. Jiki kuwa da ya ga ruwa bai isa ba sai ya tsananta wa raƙumi ya yi ta kai da komo da sauri, shi ne bugu 124. Tansiyo kuma ƙarfin da jini ke bugun bangon jijiya yake nunawa. Jiki yana iya tsuke jijiyoyi ya riƙe tansiyo daidai alhali gugan ya gaza. Shi ya sa 11 da 7 ta ruɗe mu.

Likita ya ƙara mini da abu ɗaya, kuma na ga ya kamata iyayenmu tsofaffi su ji. Akwai wadda lambarta za ta fito 55 ko 60 amma tana haki da kumburi, musamman wadda ta daɗe da hawan jini. Ita nata gugan ƙandarewa ya yi, ba ya buɗewa ya cika yadda ya kamata. Saboda haka ba a karanta lamba ita kaɗai, sai an haɗa da abin da mai jiki take ji.

Ciwon ba baƙo ba ne a ƙasarmu

Na ɗauka abin a kan yarinyarmu aka fara. Ashe sananne ne, har ma yankinmu yana cikin inda ya fi yawa a duniya. Zuciyar mace tana iya raunana a watan ƙarshe na ciki, ko cikin wata 5 na bayan haihuwa, ko da ba ta taɓa ciwon zuciya ba. Dama mai ciki jininta yana ƙaruwa da kusan rabi, zuciya tana aikin mutum biyu wata da watanni.

Tun shekarun 1970, likitoci biyu, Davidson da Parry, a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, suka bi mata fiye da 200 masu wannan ciwo. A lokacin, wajen 1 cikin 100 na matan Hausawan da suka haihu a can yana kama ta. Su sun zargi kunun kanwa, da wankan jego da tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. A Sakkwato, binciken da ya fito a 2007 ya samu 1 cikin 102. A Amurka kuwa 1 ce cikin dubbai.

Nan gida Nijar, a asibitin ƙasa na Yamai, wani likita mai suna Cénac da abokan aikinsa sun fitar da nasu a 1992. Sun gano matan da ciwon ya kama suna da ƙarancin wani sinadari a jini, ana ce masa seleniyom, wanda jiki ke samu daga abinci irin su ƙwai da nama da kifi. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranci babban bincike a asibitocin Nijeriya da dama, aka fitar da shi a 2020. Su ba su samu cewa al'adun jego ne ke jawo ciwon ba. Waɗanda suka ga ya fi kamawa su ne ramammu, da waɗanda jininsu ya hau lokacin ciki, da waɗanda ba su yi makaranta ba, da waɗanda ba su da sana'a. Ku sake jin na ƙarshen nan: waɗanda ba su da sana'a. Ashe akwatinmu ma yana cikin maganar.

To ina matsayin kununa? Na tambaya, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Likita ya ce kanwa ƴar'uwar gishiri ce, dukansu suna riƙe ruwa a jiki. Ya ce ba zai ce ita ta jawo ciwon ba, amma zuciyar da ta riga ta yi rauni, kanwa da gishiri kaya ne a kan kaya. Mu kuwa gishirin Bilma a gidajenmu yake kwana, mazanmu ke ɗauko shi da ayari, ga dunƙulen miya da muke jefa biyu uku a tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Kowa ta duba tukunyarta.

Ban rubuta wannan don in zagi iyayenmu ba. Sun ba mu abin da suka sani, kuma da yawanmu mun sha mun tashi lafiya. Amma ina da yaya, wadda nake bi, ta rasu a Damargu ana saura kwana kaɗan ta yi arba'in, ƙafafu a kumbure, a zaune take kwana. Muka ce kwana ya ƙare, kuma haka ne, kwana ya ƙare. Sai a ɗakin hoton nan, bayan shekara fiye da 20, na gane sunan abin da na gani. Allah ya jiƙanta.

Awon da za mu iya yi da hannunmu

Injin hoto yana birni, amma mu ne muke shiga ɗakin maijego safe da yamma. Ga abin da majo ya koya mini, na kuma koya wa ƙungiyarmu:

Na ɗaya, tambaye ta yadda take kwana. Tana miƙewa a shimfiɗa ta yi barci, ko sai ta tara matasai, ko a zaune? Numfashi yana tashinta cikin dare?

Na biyu, danna ƙwaurinta da babban yatsa, ki ƙirga 5, ki ɗauke. In rami ya zauna, ruwa ne. Ɗan kumburin ƙafa na kwanakin farko bayan haihuwa yakan saɓe da kansa. Wanda ke ƙaruwa, ko ya zo tare da haki, shi ne abin tsoro.

Na uku, ɗora yatsu biyu a wuyan hannunta, ta gefen babban yatsa, bayan ta zauna ta huta. Ki ƙirga bugu na minti ɗaya cif da agogon waya. In ya wuce 100, kuma gobe ma haka, a je likita.

Na huɗu, duba tafiyarta. Abin da take yi da ba wahala, kamar zuwa rijiya ko shara, yanzu sai ta tsaya ta yi haki?

Biyu cikin waɗannan suka haɗu, ranar nan za a kai ta likita. In kuwa tana kakin kumfa mai ɗan ja, ko ta suma, ko ƙirji ya riƙe, ko gefe ɗaya na jiki ya saki, ko cikin dare ne a tashi mai mota. Wadda aka riga aka gano tana da ciwon, ta riƙa hawa sikeli: in ta ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3, ruwa ne ke taruwa, ba ƙiba ba ce. Kuma don Allah a nisanta ta da ƙwayoyin ciwon jiki na ƴan tebur, irin su ibufurofen da dikulofenak, su ma suna riƙe ruwa.

Kada mu manta da awon ciki. Tun 2006 gwamnati ta sa shi cikin abubuwan kyauta, kuma a nan ake kama hawan jinin masu ciki tun bai yi ɓarna ba. In an ce miki 14 da 9 ko sama, ki riƙe maganar da hannu biyu.

Yanzu bari in ba ku ƙarshen labari. Yarinyarmu ta yi kwana 12 a gadon asibiti. Aka ba ta maganin da ke fitar da ruwa ta fitsari, da waɗanda ke rage wa zuciya nauyi. Ta dawo gida tana sha safe da yamma, uwar tana dafa mata nata daban, gishiri kaɗan, ba kanwa. Da ta ji sauƙi ta so ta daina, muka hana, don likita ya ja kunne cewa ba a tsayar da shi sai da izininsa. Satin da ya wuce, wata 6 cif, aka koma aka sake hoto. FE 47. Uwar ba ta iya karatu ba, amma da ta shigo taro takardar ta miƙo mini tana cewa, “Shugaba, karanta musu, daga 28 ne fa!” Muka yi guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Ba ta gama warkewa ba. Likita ya ce kada ta sake ɗaukar ciki sai lamba ta haura 50, kuma ko ta haura, sai an yi shawara da shi tukuna, don ciwon yana iya dawowa, wasu magungunan kuma ba a shan su da ciki. Wannan magana ta yi wa dangin miji nauyi. Da mijin ya dawo, ni da uwar muka zaunar da shi, na ɗauki tsinke na zana masa guga a ƙasa. Ya yi shiru, can ya ce, “Inna, ai ko raƙumi ne ya rame ba a mayar da shi rijiya sai ya murmure.” Na ce ka gama magana. Wasu matan zuciyarsu tana komawa daidai, wasu ba ta komawa, sai dai a yi ta lallaɓawa da magani. Wadda aka kai da wuri ta fi samun rabo.

Shawarar da nake kawowa

Tun da aka fara Mata Masu Dubara a Maraɗi a 1991, tare da ƙungiyar CARE, abin da ya riƙe mu shi ne ƙidaya. Ba ma ɗaga akwati mu ce da nauyi, buɗewa muke yi mu ƙirga a gaban kowa. To lafiyar maijego ma haka take so.

Ina roƙon kowace ƙungiya ta duba abu biyu a zaman nan. Na farko, a ware jaka ta uku, jakar mota, wadda ba a taɓa ta don suna ko biki, sai don kai mai ciki ko maijego asibiti, kuma a biya ba riba. In kowa ta ƙara dala 10 a mako, ƙungiya mai mata 30 za ta tara jika 1 da rabi duk mako, a shekara jika 78. Na san dala 10 ba wasa ba ce ga wadda mijinta ke bin ayari ko yana wajen zinari, amma yanzu da kuɗin lemu bai gama ƙarewa ba shi ne lokacin farawa. Na biyu, duk wadda ta haihu a cikinmu ko cikin ɗiyanmu, a ɗora mata mata 2 da za su riƙa leƙa ta duk mako da awon nan guda 4, kuma kada su tsaya a arba'in, su kai wata 5.

Mu a tamu ƙungiyar mun yi ƙuri'a ranar Laraba: 27 suka yarda, 3 suka ce a rage zuwa dala 5. Muka tsaya a kan 10, wadda ba ta da shi a wani mako a ɗaga mata. Ma'ajiya ce ta ɗinka jakar da hannunta, da jan ƙyalle, don kada a haɗa ta da sauran. Ku ma ku aiko mana da abin da kuka yanke ta hannun mai kawo jarida, za mu buga a fitowa ta gaba, tare da maganar bashin irin albasa, in Allah ya kai mu.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya ba masu jego ƙarfin jiki, ya dawo mana da matafiya.

Taku,
Shugabar ƙungiya, Timiya